Sha Ɗaya Bisa Talatin

Ranar da Tunau kafinta ya hau katangata a Gagi,
fensir a bayan kunne, ƙusa uku a baki,
sai ya tofa su a tafin hannu ya ce,
"Malam, iskar gabas ba ta san ciniki ba.
Ita ba a ce mata albarka."

Ya zayyano mini, ina ji kamar ana karanta mini bashi.
A gefe, kowane tudun kwano da ƙusarsa,
mai hula, mai roba a wuya.
A tsakiya a tsallake ɗaya, kada a kai biyu.
Ba a bugawa a kwari, hanyar ruwa ce.
Katako a ɗaure shi da waya,
wayar ta nutse cikin bulo har jeri uku.
Leɓen rufi kada ya yi tsawo,
ta nan take zura yatsa.
"Takardar ma'aikata ma haka tac ce," in ji shi,
"amma ni ga Arzika nij jiya,
shi ko ga iska yaj jiya."

Ni kuwa albashin malamin firamare ne a aljihuna.
Ga siminti, ga ƙyaure, ga Kulu wata tara.
Na sayo kwalin ƙusa ɗaya a madadin uku.
Waya, na ce sai ƙarshen wata.
Na sa yara suka ɗora tsohuwar taya
da duwatsu huɗu daga bakin hanya,
na ce nauyi ai nauyi ne.
Tunau ya ƙirga kuɗinsa sau biyu,
ya dubi gabas, ya hau kekensa.

Ƙarshen wata ya zo ya wuce. Wani ma ya wuce.

Daren Talata, bazara ta tsufa,
zafi ya zauna mana a ƙirji tun la'asar.
Bayan isha'i gabas ta yi ja, ta koma baƙa,
kwaɗin fadama suka yi tsit.
Ba ta yi sallama ba.
Da kusurwa ta fara,
yadda nake lasar yatsa in buɗe littafin ɗalibi.
Na ji ƙusa tana kuka a cikin katako,
ta saki, ta kusa da ita ta karɓa,
har kukan ya zagaye ɗaki.
Sai ga walƙiya inda silin yake ɗazu.
Kulu ta kifa a kan jaririya,
ni na kifa a kan Kulu,
tayar nan ta faɗo tsakar gida tana rawa.

Da asuba na bi sawun rufina.
Falle ɗaya ya naɗe a jikin dogon yaro.
Ɗaya ya sare wa akuyar Inno ƙafa,
tana kwance, tana kallona.
Da yaro ne fa?
Na kasa haɗiye yawu.
Na uku a kan rudun albasar Nomau na same shi,
na juya shi, na durƙusa.
Ɗigon fensirin Tunau na nan a jere,
ruwan dare bai wanke su ba:
talatin.
Ramukan da ƙusa ta huda, na bi su da yatsa:
goma sha ɗaya.

Sha ɗaya bisa talatin.
Ɗan aji uku ya kawo mini wannan,
da jan biro zan zagaye shi,
in rubuta a ƙasa, ka gan ni.

Na biya Inno akuyarta, kuɗin waya ninki biyar.

Tunau ya dawo ran Asabar.
Na jira "ban gaya maka ba?" har azahar, bai faɗa ba.
Ya dai miƙo mini kwalin ya ce,
"Riƙa. Kai ka miƙowa, kai ka ƙidaya."
Na tsaya a rana ina miƙa ƙusa sama,
ɗalibi mai furfura a gemu.

Jiya ma gabas ta haɗa rai.
Rufin ya yi nishi, ya ja, kamar rago a turke.
Jaririya ba ta farka ba.
Ni ne dai ban runtsa ba,
ina ta ƙidaya a cikin duhu.